Ranar da Rana ke Shiga Rijiya

A Kwatarkwashi, can gindin dutse,
Kakana Nomau ya haƙa rijiya.

Gaba goma sha huɗu ya nutsa ƙasa,
Da guntun dagi da ƙwarya da igiya.

Bai yi boko ba, bai rataye kalanda ba,
Amma kan lokaci ba ya tambaya.

Yakan ce, "Rana baƙuwata ce,
Sau biyu a shekara take biyo hanya.

Zuwan farko can ƙarshen bazara,
Sanda gumi ke jiƙa mutum har wuya,

Kanya ta tattare inuwarta a gindi,
Jaki ya rasa inda zai tsaya.

Da tsakar rana ka leƙa ramin,
Ga ta can ƙasa, zaune a tsakiya.

Na biyun sai marka ta kankama,
In hadari bai tare ta ba ta baya."

Shi ya nuna mini mafitarta:
Da damina ta hagun dutse take biya,

Da sanyi ta zame zuwa dama,
Ta ɓullo ta kan tsohuwar giginya.

Wata rana Lawisa, 'yar yayana,
Ta dawo makaranta da hayaniya:

"Kaka, ba rana ce ke yawo ba,
Mu ne muke tafe, mu da duniya!"

Da magariba ta soke lemo
Da tsinken da ta zaro a tsintsiya.

Ta ɗora fitila a kan turmi,
Ta karkata lemon tana kewaya.

"Gefen da ke kallon wuta, rana ke nan,
Dare kuwa gefen da ya ba ta baya.

Wannan ɗan karkacen ke kawo damina,
Shi ke kai ta, ya dawo da ita lafiya."

Tsoho ya yi shiru yana taunar goro,
Can ya ce, "Ke 'yar nan, faɗi gaskiya.

In ƙasa na kifewa kowane dare,
Me ya hana ruwa zubewa a rijiya?"

Lawisa ta sosa kai, ta dubi lemo:
"Malam bai kai mu nan ba jiya."

Ya karɓe shi, ya ɓare, ya tsotse,
Ya ce, "To, yau na shanye duniya."

Amma a daren na gan shi a tabarma,
Gida ya yi tsit, sai kukan mujiya,

Yana bin Kaza da 'ya'yanta da ido,
Suna gangarawa yamma ɗaya-ɗaya.

Ya dafa ƙasa da tafin hannu,
Kamar mai jin numfashin tunkiya.

Sau biyu ya yi azumi a bazara,
Da baƙin gashi, sannan da furfura har ƙeya.

Wata na sauri, shekara na jan ƙafa,
Ko da na ukun ya zo, ya yi tafiya.

Yanzu an kafa famfo kusa da masallaci,
Mai zuwa rijiyar sai ni da akuya.

Bana ma na je da tsakar rana,
Inuwata a ƙarƙashin ƙafa ta ɓuya.

Na leƙa, ga baƙuwar ta sauka,
Ba ta yi lattin ko yini ɗaya.

Na saki guga, ta tarwatse,
Ta sake haɗuwa kafin in naɗe igiya.

Ban ji ƙasa ta motsa da ni ba,
Na dai sha ruwan, na yi godiya.

Lawisa na Gusau tana koyarwa.
Na manta in tambaye ta amsar tambaya.